Ranar Farko a Filin Golf na Linkis: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya saba buga golf a fili mai bishiyoyi da ciyawa mai laushi, ranar da ya fara taka linkis sai ya ji kamar an sauya masa wasan ba a gaya masa ba. Waɗannan su ne tambayoyin da abokan wasa suka fi yi mini kafin tafiyarsu ta farko zuwa Sikotland ko Ayaland. Akwai magana ɗaya da za ka yi ta cin karo da ita a cikin amsoshin, gara in faɗe ta tun yanzu: a linkis ƙwallo ta fi zama lafiya a ƙasa fiye da a sama.

Wai mene ne linkis ɗin, me ya raba shi da filin da na saba?

Linkis ƙasa ce mai rairayi da ke tsakanin teku da gonaki, wadda iska ta tara tuddai-tuddai shekara da shekaru. Ba ta nomuwa, shi ya sa tun da can aka bar wa tumaki da zomaye ita, mutanen gari kuma suna shanya suna wasa a kanta. A irin wannan ƙasa golf ya girma a gabashin Sikotland. A St Andrews, takardar da Akbishop John Hamilton ya bayar a 1552 ta tabbatar wa mutanen garin haƙƙin buga golf a filinsu. Gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya wadda aka fara a Prestwick a 1860, har gobe a linkis ake yin ta.

Abin da idonka zai fara gani shi ne babu bishiya, babu abin da zai kare ka daga iska. Rairayi yana shanye ruwa nan da nan, don haka ƙasa tana da tauri ko da an kwana ana ruwa. Ciyawar siririya ce, gajera, idan aka kwana biyu ba ruwa sai ta koma ruwan ƙasa. Ƙasar kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, kwari ne da tudu kamar tsofaffin kunyoyin da damina ta zaizaye, da wuya ka sami inda ƙafafunka biyu za su tsaya daidai. Ka kuma sani ba kowane filin bakin teku ne linkis ba. Wanda aka yi a kan dutse ko laka, ko da teku na ƙarƙashinsa, wasansa daban ne.

Na saba da busasshiyar ƙasar rani a gida. Hakan zai yi mini amfani?

Ƙwarai kuwa, har fiye da yadda kake zato. Wanda ya yi wasa a Rayfield da ke Jos ko a filin Kano a watan Fabrairu ya riga ya san abin da Ba'amurke mai filin ban-ruwa bai sani ba: ƙwallo tana sauka ta yi tsalle ta ci gaba da gudu, kuma wurin da za ta sauka ake auna, ba wurin da tuta take ba. Wannan rabin karatun linkis ke nan, kada ka bar shi a filin jirgi.

Inda suka rabu biyu ne. Ƙasarmu ta rani takan bushe ƙandas har sanda ta yi tsalle a kanta, sai mutum ya koyi tsintar ƙwallo daga sama-sama. Ƙasar linkis tana da tauri amma tana karɓar sanda, za ka iya sarar ƙwallo sosai ka ɗebi 'yar siririyar ciyawa. Sai kuma iska. Iskar hunturu busasshiya ce, ta teku kuwa nauyi gare ta da danshi, kuma tana iya yini ba ta lafa ba.

To yaya zan yi da iskar nan?

Kuskuren farko, wanda kusan kowa ke yi, shi ne ƙara ƙarfin bugu idan iska na fuskantarsa. Ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi, juyin kuma yana ɗaga ta sama, sai ka ga ta tashi ta tsaya cik kamar shirwa, ta faɗo kusa. Ranar farkona a wani linkis na gabar Fife, a gabashin Sikotland, haka ta faru da ni a wani rami mai yadi 140. Na ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 8, na same ta a tsakiyar sanda, ina kallo ta hau, ta tsaya, ta faɗo cikin ramin yashi saura kusan yadi talatin. Dattijon da aka haɗa mu wasa, wanda ya ba saba'in baya, ya zaro lamba 5, ya kama ta ƙasa-ƙasa, ya yi rabin lilo. Ƙwallonsa ba ta wuce tsayin katangar gida ba, ta sauka kafin girin (askakkiyar ciyawar da ke kewaye da rami da tuta), ta gangara ta tsaya inda ya so.

Abin da ya yi shi za ka yi. Ƙara sanda biyu ko uku, sassauko da hannunka a kan mariƙi, matsar da ƙwallo baya kaɗan a tsakanin ƙafafunka, ka buga da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka, kada hannuwanka su wuce kafaɗa a ƙarshen lilo. Lissafin da aka saba yi shi ne sanda ɗaya a kan kowane kilomita 16 a awa na gudun iskar da ke fuskantarka. Lambar yadi da ke jikin kati ba ta da tabbas a nan: rami na 8 a Royal Troon, wanda ake kira Postage Stamp, yadi 123 ne kacal, amma idan iska ta taso daga teku sai ka ga ƙwararru suna ta shawara da kadinsu, wato masu ɗaukar musu jakar sanduna.

Idan iska na bayanka, taimakonta bai kai cutarwar ta gaba ba, kuma tana hana ƙwallo tsayawa (duba amsar da ke biye). Idan ta gefe ce, kada ka yi kokawa da ita, auna can gefen da take fitowa ka bar ta ta kawo maka. Tsofaffin linkis da yawa an shimfiɗa su ne ramuka tara a tafi, tara a dawo, don haka iskar da ta raka ka ita za ta tare ka a hanyar gida. Idan ta fi ƙarfinka ka tuna ta taɓa fin ƙarfin Tiger Woods: a Muirfield a 2002, ranar Asabar da hadari ya sauko, bugu 81 ya yi.

Na buga daidai, ƙwallo ta sauka kusa da tuta, amma ta fita ta baya. Me na yi ba daidai ba?

Saukar da ka yi mata kusa da tuta shi ne laifin. Girin ɗin linkis ba ya riƙe ƙwallo kamar na fili mai ban-ruwa. Idan iska na bayanka kuma ƙasa ta bushe, sau da yawa sai ka sauke ta yadi goma zuwa ashirin kafin girin, ta ƙarasa da kanta. Shi ya sa za ka ga yawancin giran a buɗe suke ta gaba, ba tafki ba doguwar ciyawa: ƙofa ce aka bar maka. Kafin ka buga, ka kalli wannan ƙofar, ina ta karkata, ina ƙusumbin da zai iya kautar da ƙwallo.

Wani lokaci kuma babu laifin kowa. A Turnberry a 2009, Tom Watson yana da shekara 59, saura rami ɗaya ya ci Open karo na shida. Ya buga lamba 8 sak bisa layin tuta, ta sauka a girin, ta gudu ta fita ta baya. Ya rasa bugu ɗaya a nan, Stewart Cink ya doke shi a ƙarin wasa. Har yau idan na tuna wannan tsallen sai na ji ba daɗi.

Idan ina gefen girin, wace sanda zan ɗauka?

Fota, wato sandar gangarar da ƙwallo a kan girin, in dai babu ramin yashi ko doguwar ciyawa tsakaninka da tuta. Ko da kana yadi ashirin daga girin. Ciyawar gaban girin gajera ce ƙwarai, ƙwallo na gudu a kanta kusan kamar a girin ɗin kansa, kuma mummunan bugun fota ya fi mummunan bugun weji (sandar da ke ɗaga ƙwallo sama a gajeren bugu) kusa da rami nesa ba kusa ba. A kan ƙasa mai tauri, weji mai buɗaɗɗen baki yakan yi tsalle ya sari cikin ƙwallo, ta harba ta ƙetare girin.

Idan tazarar ta yi wa fota yawa, ɗauki lamba 7 ko 8 ka ɗan tunkuɗa ta, ta yi gajeren tsalle ta gangara. Todd Hamilton da sandar haibirid (wadda ke tsakanin ta ƙarfe da ta dogon bugu) ya yi ta yin wannan a Royal Troon a 2004, har ya ci gasar.

Ramukan yashin nan da ake ta tsoratarwa da su, da gaske ne?

Da gaske ne. Ƙanana ne, masu zurfi kamar rijiyar da ba a gama haƙa ba, bangonsu na gaba an gina shi da yankakkiyar ciyawa an jera ta kamar tubali, a tsaye. Ƙasar da ke kewaye da su kuma ta karkata ciki, don haka ramin da ka ga bai fi tabarma biyu ba yana jawo ƙwallon da ta wuce nesa da shi. A Old Course na St Andrews akwai 112, wasu ba ka ganin su sai ka zo kansu.

Idan ka shiga, buri ɗaya ne: fita da bugu ɗaya. Ɗauki weji mafi buɗaɗɗen baki, ka duba bangon da gaskiya. In ba za ka haye shi ba, fita ta gefe, in ta kama ma ta baya. Garin neman gira ake rasa ido: Jack Nicklaus ya yi bugu huɗu a cikin ramin da ake kira Hell a rami na 14 na Old Course a 1995, ya tashi da 10. Tommy Nakajima ya yi huɗu a ramin yashin rami na 17 na wannan filin a 1978, ya tashi da 9. Thomas Bjørn yana kan gaba a Royal St George's a 2003, bugu uku a yashin rami na 16 suka raba shi da kofin.

Doka ma ta ba ka mafita. Idan ƙwallo ta manne da bango, za ka iya cewa ba ta buguwa, ka sake ta a cikin yashin da tarar bugu ɗaya, ko ka fitar da ita waje ta baya, bisa layin tuta, da tarar bugu biyu. Wannan ta biyun tun 2019 take cikin dokoki, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba. In ka gama, share yashin da kyau. Sawun ƙafa a rami mai wannan zurfi zalunci ne ga na bayanka.

In bar direba a jaka ke nan?

Direba, sandar da ta fi kai ƙwallo nesa, ba kullum za ka bar shi ba, amma kada ka zaro shi don sabo. Tambayar da za ka yi a kowane wurin bugun farko ita ce: ramukan yashin suna yadi nawa, wace sanda ce ba za ta kai su ba ko da ƙwallo ta yi gudu? A busasshiyar ƙasa da iska a baya, lamba 4 tana iya kai inda direbanka ke kaiwa a gida. Tiger Woods ya ci Open a Hoylake a 2006 da direba sau ɗaya tak a ramuka 72, kuma a St Andrews a 2000 bai shiga ramin yashi ko ɗaya ba a kwana huɗu. Idan iska na fuskantarka a dogon rami, to direban ne, amma ka dasa ƙwallon ƙasa kaɗan, ka bi abin da aka faɗa a amsar iska.

Ƙwallo ta faɗa cikin ƙaya ko doguwar ciyawa. Yaya zan yi?

Akwai wata ƙaya mai duhu da suke kira gos, wadda ke yin fure ruwan ɗorawa a Afrilu da Mayu, da ƙamshi kamar na kwakwa. Kyakkyawa ce a ido, amma ƙwallon da ta shige ta ta tafi. Kada ka cusa hannu, kada ka yi tunanin bugawa daga ciki. Da zarar ka ga ta nufi can, faɗa wa abokan wasanka za ka buga ƙwallon ko-ta-kwana, ka buga kafin ka bar wurin. Minti uku kawai doka ta ba ka na nema.

A doguwar ciyawa kuwa, ciyawar tana naɗe wuyan sanda ta rufe bakinta. Ɗauki weji, riƙe da ƙarfi, ka mayar da ƙwallo tsakiyar fili ta hanya mafi kusa. Ka tafi da ƙwallaye aƙalla dozin.

Akwai ramukan da ba a ganin inda za a buga. Ina zan auna?

Tsofaffin filaye an bi ƙasa ne yadda Allah ya yi ta, ba a kawo katafila ta rushe tudu ba. Za ka ga turke mai fenti ko farin dutse a kan tudun, shi ne layinka. A Lahinch da ke yammacin Ayaland, rami na 5 girinsa yana ɓoye tsakanin tuddai biyu, ana matsar da farin dutse ya nuna inda tuta take. A Elie, ɗakin mai sallamar 'yan wasa yana da madubin leƙe da aka ciro daga jirgin ƙarƙashin teku, da shi ake duba ko na gaba sun wuce. A wasu wurare ƙararrawa ce: kada ka buga sai ka ji ta, kai ma in ka wuce ka kaɗa wa na baya.

Kadi dole ne?

Ba dole ba ne, amma da ɗan gari kan ci gari. In kuɗinka zai kai ka ɗauki kadi sau ɗaya a duk tafiyar, to ranar farko ce. Faɗa masa gaskiyar nisan da kowace sanda ke kai maka, ba na ranar da ka fi sa'a ba, sannan idan ya ce ka auna wancan hasumiyar ko wancan bututun hayaƙi, ka auna ko da idonka na cewa ba haka ba. Ana biyansa kuɗin aikinsa a ƙara masa tukuici. Tambayi ofishin filin abin da aka saba. In ba za ka ɗauka ba, sayi ɗan littafin taswirar ramuka a shagon filin.

Me zan sa, me zan ɗauka?

Tsakiyar Yuli a gabar Sikotland tana iya yi wa ɗan Sakkwato kamar asubar hunturu. Sa riguna marasa kauri biyu ko uku a jere maimakon jibgegiya ɗaya, don ka iya lilo, ka kuma iya cirewa in rana ta fito. Rigar ruwa da wandonta su kasance a jaka ko da gari ya waye garau, da hular ulu, da safar hannu ta ruwa, da tawul na biyu a ɓoye inda ba zai jiƙe ba. Lema ba ta da amfani sosai, iska na juya ta. A gabas kuma wani farin hazo da suke kira har yakan taso daga teku ya rufe fili cikin 'yan mintoci.

Da ƙafa ake wasan. Manyan linkis da yawa ba sa ba da ƙaramar motar golf sai da takardar likita. Kilomita takwas zuwa goma ne a kan tudu da kwari, don haka kada ka zo da sabon takalmi.

Giran nasu sun fi namu sauri?

Sau da yawa ma sun fi na manyan filayen ban-ruwa rashin sauri, kuma da gangan ne: in aka aske su da yawa iska za ta riƙa tura ƙwallo. A St Andrews a 2015 haka ta sa aka dakatar da wasa ranar Asabar, gasar ta kai Litinin. Matsalarka girman giran ne. Za ka iya samun kanka yadi talatin daga rami kana kan girin. Kafin ka fara wasa, ba da minti goma ga dogayen bugun fota, ka manta da gajeru. A iska, buɗe ƙafafunka ka rage tsawo. Idan iska ta motsa ƙwallonka bayan ka riga ka sa alama ka ɗaga ta ka mayar, mayar da ita inda take ba tara. In ba ka taɓa ta ba tukuna, inda ta tsaya nan za ka buga.

Bugu nawa ya kamata in sa rai?

Fiye da na gida, musamman in da iska. Shawarata ka bar ƙirga jimillar bugu a ranar farko, ka yi lissafin maki irin na Stableford, inda rami ɗaya da ya lalace ba ya ɓata maka katin duka. Likita Frank Stableford a linkis ɗin Wallasey ya gabatar da tsarin a 1932, wurin da iska ke wahalar da talakan ɗan wasa. In rami ya ƙi, ɗauki ƙwallonka ka wuce. Mutanen can suna son wasa ya tafi, awa huɗu a wurinsu ya isa.

Kada kuma ka yanke wa linkis hukunci da rana ɗaya. Bobby Jones a 1921 ya fusata ya daina wasa a rami na 11 na Old Course a zagaye na uku. Ya dawo a 1927 ya ci Open a wannan filin.

In fara da Old Course, ko da wani wuri? Wane lokaci ya fi?

In da hali, kada ya zama na farko. Yi zagaye ɗaya ko biyu a wani linkis da ba ya cika, don ranar da ka tsaya a gaban ginin R&A, tsohuwar ƙungiyar golf da ke bakin wurin bugun farko, hannunka ya riga ya san bugun ƙasa-ƙasa. A St Andrews ɗin ma akwai New, wanda aka buɗe a 1895, da Jubilee da Eden, kuma Crail da Elie ba su da nisa. Mayu zuwa Satumba ne lokacin da aka fi zuwa. A Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe biyar na safe, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, don haka ana iya fita bayan la'asar a gama goma sha takwas da haske. Sai dai ka duba jadawalin sallah na garin tun kafin ka zo, don magariba da asuba suna matsowa kusa da juna ƙwarai.

Old Course fili ne na jama'a, ba sai kana da ƙungiya ba. Ana neman shaidar handikaf (lambar da ke nuna matakin iya wasanka) da bai wuce 36 ba, kuma hanyar da baƙi da yawa ke samun gurbi ita ce ƙuri'ar da ake shiga saura kwana biyu. Ranar Lahadi ba a wasa, mutanen gari ke yawo a kai da iyalansu. In ka isa ranar, taka shi da ƙafa ka leƙa ramukan yashin da aka ambata a sama. Ranar wasa, ka tuna giransa bakwai ramuka biyu-biyu ne ke raba su, 2 da 16, 3 da 15, haka har 8 da 10. A kan waɗannan giran farar tuta ta masu tafiya ce, ja ta masu dawowa, ka tabbatar wadda kake aunawa. Daga wurin bugun farko kuma, a yawancin ramukan, hagu ya fi dama aminci.